Wayar Rediyon Malam

Shekarar da aka samu mulkin kai, maigidana Malam, Allah ya jiƙansa, ya sayo rediyo daga Dahome. Ya ja mata doguwar waya zuwa wani ƙarfe da ya kafa a ƙasa, kullum yana zuba masa ruwa. Na ce a raina, mutum da hankalinsa yana shayar da ƙarfe?

Ranar da maƙwabta za su taru jin jawabin karɓar mulki, na yi wanki, igiyar shanya ta tsinke. Sai na kwance wayar, na ɗaura daga rumbu zuwa dogonyaro, na shanya zannuwana ina yaba dabarata.

Dattawan garinmu Bagudo suka cika zaure, rediyo sai shuuu take yi. Malam ya shigo, ya dubi zannuwa, ya dube ni. Ina jiran faɗa, sai ya ce, "Uwargida, in sun bushe ki ara mana wayar, ana can ana karɓar mulki ba mu ji ba."

Har ya rasu, in ya ga ina shanya sai ya ce, "Yau wane labari za a hana mu?" Yanzu jikokina ke faɗa mini haka. Sun iya maganar, amma ba su iya muryar ba.