Ruwan da Ya Tsare Ni a Watan Janairu

Zuwa ga Mai Girma, Mai Martaba, Ruwan Saman Birnin Taro,
Shugaban gizagizai, wanda ba ya zuwa hutun rani,
Ta hannun duk wanda ya san inda ofishinsa yake.

Ranka shi daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina gajiya, yaya aiki? Aiki kam na san akwai shi, tunda kwana huɗu na yi a garinku ban ga ka zauna ba. Ya iyali, ya su yayyafi da sauran ƙananan ma'aikata? To madalla.

Sunana Lado Abbas, ma'aikacin gwamnati a Katsina, mazaunin Ƙofar 'Yandaka. In ba ka shaida ni ba, ni ne baƙon nan mai farar babbar riga da ka tsare a barandar gidan tarihi tun hantsi har duhu ya shiga. An turo ni garinku taron ƙasa da ƙasa kan fari, in gabatar da takarda a kan ƙarancin ruwan sama a jiharmu. Ban gabatar ba. Ranar Talata mai zuwa kwamitin ladabtarwa zai zauna a kaina, kuma in ba wani ikon Allah ba, korata za a yi da sunan maƙaryaci. Ba ina ja da rahamar Ubangiji ba ne, astagfirullah. Tsarin aikinka kawai nake son mu duba.

Na ɗaya, ba ka sallama. Ruwan garinmu mai tarbiyya ne. Sai gabas ta yi baƙi, iska ta taso, awaki su ruga, mata su kwashe shanya, 'yan tireda a Babbar Kasuwa su ja leda, sannan ya sauko. Ranar da zan yi jawabi, ƙarfe biyu aka ba ni. Da safe na leƙa taga na ga ka ɗauke, na tambayi ma'aikacin otal ina gabas, na duba, babu hadari ko na magani. Na ce to bari in je in ga tsohuwar hasumiyarku da ake ta yabo, in gwada ta da hasumiyarmu ta Gobarau. Ina tsakiyar gada sai na ji ka a ƙeyata. Babu iska, babu tsawa, ko gyaran murya ba ka yi ba. Haka ake shiga wa mutane a wajenku?

Na biyu, ba ka ɗaukewa. Na yi abin da duk ɗan halas yake yi: na fake. Tun ina yaro na san in ruwa ya sauko a fake ake yi, ya yi sa'arsa guda ya wuce, kowa ya kama gabansa. Na jira sa'a ɗaya. Na jira biyu. Kai ba ka sauko sosai an san ana ruwa ba, ba ka kuma tafi ba, sai tsiyaya kamar famfon da ya lalace. Sha ɗaya da rabi ka rage, na tattare riga na sa ƙafa ɗaya waje, ka dawo. Don Allah, ranka shi daɗe, leƙena kake yi?

Na san za a ce me ya hana ni shiga tasi. Tasi tana tsallaken titi, kuma tsakanina da ita kai ne. Laima kuwa a wurinmu ta rana ce. Shaddar nan matata Rabi ta kai ta wajen bugu har sau biyu don Turawa su ga Katsina, in shigar da ita cikin ruwa in koma in gaya mata me?

Na uku, ka ɓata mutanen garin. Kai jama'a! Da idona na ga tsohuwa, sa'ar innata, a kan keke cikin ruwa tana cin burodi. Na ga magidanci ya fito da kare shan iska. Na yi ta yafito su su zo su fake, akwai wuri, suna ɗaga mini hannu suna wucewa. Abin da ya fi ƙona mini rai, indararon gidan tarihin nan wuni ya yi yana zuba a ƙasa, babu wanda ya tara ko bokiti. Ni da na zo da shafi goma sha takwas a kan rashin ruwa, wallahi sai da na ji ƙwalla.

Na huɗu, ka mai da ni kayan tarihi. Wajen azahar masu yawon buɗe ido suka fara tsayawa a gabana suna ɗaukar hoto. Da la'asar wata mai yi musu jagora ta sa ni cikin jerin abubuwan da take nunawa, tsakanin wata tsohuwar igwa da mutum-mutumin doki, tana bayanina da yarenku har ana gyaɗa kai. Ban san me ta ce ba, amma an tafa. Ni na fito kallon gari, gari ya ƙare da kallona. Ruwan alwala dai ka ba ni wadatacce, wannan kam na gode.

Na biyar, hasumiyar. Ka lulluɓe ta tun daga tushe. Na ɗauki hoto ta inda aka nuna mini da yatsa, ya fito fari fat. Sauran kwana biyun kuwa a otal na yi su ina jiran ka ɗauke, har aka rufe taro aka raba takardun shaida babu ni.

Na shida, kuma nan ne maganar take. Da na dawo aka kira ni, na faɗi gaskiya: ruwa ne ya tsare ni. Shugaban kwamiti, Alhaji Haruna, mutum ne mai adalci. Ya ce ai wannan uzuri ne karɓaɓɓe, shi kansa bara ruwa ya hana shi zuwa ɗaurin auren ƙanensa, babu wanda ya ce uffan. Har ya ɗauki biro zai rufe fayil, sai Hajiya Hajara, sakatariyar kwamiti, ta tambayi kwanan wata. Na ce sha huɗu ga Janairu. Alhaji Haruna ya tashi ya buɗe taga, ya dubi sama, ya dube ni. Ya ce da na ce Agusta, ko da Yuni ne, da an wuce wurin, amma ruwa a tsakiyar rani, har kwana huɗu a jere, wannan raina hankali ne. Na nuna hoton hasumiya, suka ce bangon otal ne.

Yanzu a majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura ba a kirana sai Lado Mai Damina. In na doso, sai Sagiru tela ya miƙa tafin hannu sama ya ce a kwashe tabarmi. Rabi ba ta ce ƙarya nake ba, amma kullum sai ta sake tambayata, a hankali, ko dai wani wurin na je. Wannan ya fi korar yi mini ciwo. Ban taɓa yi wa baiwar Allah nan ƙarya ba, sai ga gaskiyata ta rasa mai saye.

Saboda haka nake roƙon alfarma. Da farko takardar shaida na so ka rubuto, sai na tuna duk takardar da ta bi ta hannunka ba za ta karantu ba. Ka zo da kanka. Talata, ƙarfe goma na safe, hawa na biyu, ɗakin da ke kusa da matakala. Ba sai ka yi jawabi ba. Kana sauka babu ɗan kwamitin da zai fito daga mota, don su ma 'yan halas ne, fakewa za su yi har ka ɗauke.

Sai dai a kula, ranka shi daɗe. A kan ofishin kaɗai za ka tsaya, kada ka matso unguwarmu, gidana na ƙasa ne. Kuma kada ka ga idon ruwan garinmu ka ce za ka yi koyi da shi ka tashi bayan sa'a guda. Irin wanda ka yi mini nake so, marar ɗaukewa. Wata goma sha huɗu kacal ya rage mini in yi ritaya, kuma na ga aikinka, na san ba zai gagare ka ba.

Allah shi ja zamaninka, shi ƙara maka yawan gizagizai.

Naka mai biyayya, wanda bai taɓa taka ka ba ko sau ɗaya,

Lado Abbas,
Ƙofar 'Yandaka, Katsina.