Goron Cikin Hula

Kafin in fara zuwa asibitin haƙori a birni saboda turmin da ya hana ni sakat, kwana biyu na yi ina shiri. Na dirje haƙorana da gawayi, na bi da asuwaki. Taubashina Sule, wanda ya ɗauko ni a babur daga ƙauyenmu na wajen Gezawa, ya ce sai ka ce mai zuwa zance.

Likitar, wata Hajiya mai tabarau, ta ce su sai sun san mutum gaba ɗaya kafin su leƙa bakinsa: abincinsa, barcinsa, har damuwarsa. Na gyara zama na yi ta zuba.

"Malam, goro fa?"

"Goro? Hajiya, ni ko a wurin ɗaurin aure ba na karɓa."

Ta rubuta, ta ce in hau kujera. Ashe kujerar kwanciya take yi. Tana yin baya hulata ta zame, goro uku da na ɓoye a ciki suka gangara ƙasa. Wanda na gatsa a hanya bai tsaya ba sai a ƙafar likitar.

Ta ɗauka ta duba sawun haƙorin, ta ce, "Madalla, na gaba dai lafiyarsu ƙalau."

Sule sai da ya fita waje don dariya. Har yau in ana rabon goro, sai ya tare mai rabon: "Tsallake shi, ba ya ci. Hularsa za ka ba."