Tazugen Mahfuz Tela

"Duk faɗin unguwar Wunti," in ji Mahfuz tela, "ni kaɗai na iya numfashi. Ku haki kawai kuke yi, kamar awaki."

Ka ji mutumin naka. Wani bidiyo ya gani a waya, shi ke nan kowa ya shiga uku. Wai akwai farin tantani lulluɓe da tsokar mutum, irin wanda mahauci ke ɗayewa a jikin nama. Yawan zama ke ƙage shi, dogon numfashi daga tumbi ke sassauta shi. Maganar ba ta rasa gaskiya, mai ɗaukarta ne ba shi da birki.

Rannan zai je Ƙofar Ran gaida Malam Usama, mahaifin budurwarsa Ni'ima, wanda ya ce sai ya ga natsuwar yaro kafin ya ba da 'yarsa. Maƙwabcin shagonsa Olu ya ja masa kunne: "Oga Numfashi, ka durƙusa, ka gaishe shi, ka kama bakinka."

"Olu, kai dai tsaya kan sayar da maɓalli."

Ya ɗinka sabon wando a gurguje. Tazuge ya ƙare, sai ya zura wani tsohon ƙyalle.

A zaure ya durƙusa, gaisuwa ta tafi lafiya lau. Sai tsohon ya dafa ƙugu ya ce, "Wash, bayan nan!"

Ina Mahfuz zai iya haƙuri? "Baba, tantaninka ne ya ƙage! Duba nan."

Ya zuƙi iska, tumbi ya taso kamar tulu. Ya ƙara. Sai ji aka yi ɗas! Tazuge ya tsinke.

Gogan naka ya manne a durƙushe. Ya sake gaisuwa daga farko: ina gajiya, ina iyali, har kajin gidan ya tambaya. Malam Usama ya fara murna, ya samu suruki mai ladabi.

"Tashi, ɗana, ka nuna mini sosai. Da ɗaga hannu ake yi?"

Wai don kada a ce bai iya ba, Mahfuz ya miƙe, ya ɗaga hannu biyu sama. Wando ya sauka salin-alin, daidai shigowar ƙannen Ni'ima da kwanon fura.

Tsohon ya dubi wandon a ƙasa, sannan ya ce, "Maganinka na aiki, yaro, komai ya saki. Amma telan da ya kasa riƙe wandonsa, da me zai riƙe mini 'ya?"