Rasuwar Jan Ido, Na'urar da Ta Ƙaryata Murhun Shugaban Sashe

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, mai kula da ɗakin gwaji na uku tana sanar da rasuwar abokiyar aikinta, na'urar lesa mai auna wuta da haske, wadda aka fi sani da Jan Ido. Ta cika ranar Talata da hantsi, bayan shekara goma sha ɗaya a kan teburi ɗaya.

Marigayiya ba mai surutu ba ce. In an kunna ta sai ta ce "tik, tik", ta ɗan yi gurnani, sannan ta miƙa siririn haskenta ya ratsa harshen wuta. Nan take za ta faɗi zafin wutar, ta zayyana irin iskar da ke ciki, ba ragi ba ƙari. Ba ruwanta da babba, ba ruwanta da ƙarami.

Wannan halin ne ya zama ajalinta. Shugaban sashe, wanda rabonsa da taɓa na'ura tun gashinsa yana baƙi, ya ƙera murhun girki, ya ce ba ya fitar da iska mai guba, har ya sa ranar raba wa matan unguwa. Sau tara ana gwadawa, sau tara marigayiya tana nuna gubar da za ta iya kwantar da mai girki a rufaffen ɗaki. Mai kula da ita ta kai masa takardun. Ya ture su, ya ce, "'Yata, na'urarku ce ta tsufa." Karambanin akuya, gai da kura! Ya naɗe hannun riga wai zai gyara ta, ya goge madubinta da hankicin da yake share gumi, ya rufe famfon ruwan da ke sanyaya ta, wai ƙarar tana hana shi tunani. Minti ashirin ta yi tana huci. Ta ce "ƙiii" sau ɗaya, ido ya mutu.

Ta rasu ta bar madubai huɗu, kwamfuta ɗaya da ta zama bazawara, ɗalibai biyu da bincikensu ya tsaya cak, da sakamakon gwaji tara. Takardun sakamakon kam mai kula da ita ta kai su hannun masu ba da izinin sayar da kaya, kuma sun hana rabon murhun.

Za a yi mata sutura da kwalinta na asali ranar Alhamis da safe, a raka ta sito. Ana karɓar gaisuwa a ɗakin gwaji. Shugaban sashe ya aiko cewa zai yi jawabi. An ajiye masa kujera a bakin ƙofa, ana kuma roƙonsa, don girman Allah, ya zo da hannuwansa a aljihu.