Ranar da Bushiya Ta Ɗaga Ƙafa

A wani daji, wanda mazaunansa suka fi so kada a ambaci sunansa, akwai majalisa. Dabbobi goma sha tara ne suke zama a gindin wata tsohuwar tsamiya kowace Talata, kowa yana wakiltar unguwarsa. Tun zamanin kakanni hanyar jefa ƙuri'a a wurin ɗaya ce: idan shugaba ya karanta ƙudiri, wanda ya yarda ya ɗaga ƙafarsa ta gaba a ƙirga, wanda bai yarda ba ya bar ƙafafunsa a ƙasa. Mesa, wakiliyar masu jan ciki, ta shekara goma sha ɗaya a majalisar ana rubuta cewa ba ta amince ba, har da ranar da ita ce ta kawo ƙudirin.

Tafki ɗaya ne a dajin da ba ya ƙafewa da rani, Tafkin Gawo. Manyan dabbobi suna iya zuwa kogi in sun ga dama, tafiyar rabin yini ce a gare su. Amma ga mutanen Unguwar Gajeru, wato bushiyoyi da kunkuru da kwaɗi, kogin tafiyar kwana shida ce, kuma ba a taɓa samun wanda ya je ya dawo ya ba da labari ba. Wakiliyarsu wata bushiya ce, Tasalla, mace mai ƙarancin magana da yawan riƙe abu a ka, halaye biyu da ba su cika jawo wa mai su farin jini a majalisa ba.

Kula da tafkin yana hannun Sarkin Ruwa, wani gyado mai suna Barmo. Barmo ba baƙon abin kunya ba ne. Shekarar da aka ba shi aikin yashe tafkin, ya yi wata uku kwance cikin laka, ya ce yana auna zurfinta ne da jikinsa. Shekarar da kifi ya ɓace kaf, ya ce ƙaura suka yi, ko da yake tafkin ba shi da mafita. Aka fara raɗe-raɗin cewa zaɓe mai zuwa ko 'ya'yan cikinsa ba za su zaɓe shi ba. Sai ga shi ya ci da rinjayen da ba a taɓa gani ba, domin ranar zaɓe sama ta yi fari fat da balbelu da zalɓe da shamuwa, dubbai, suka sauka a mazaɓarsa, kowa da shaidar cewa a nan aka ƙyanƙyashe shi.

Waɗannan tsuntsaye su ne 'Yan Ƙafa Ɗaya, mabiyan wani babba-da-jaka da ake kira Jagora Tunau. Koyarwarsa ba ta da wuyar haddacewa. Ƙasa ƙazanta ce, iya ƙarancin taɓa ta iya tsarkin mai rai. Don haka mabiyansa suke wuni tsaye da ƙafa ɗaya. Masu ƙafa huɗu da suka shiga an yi musu sauƙi, su ɗaga guda ɗaya gwargwadon iko. Masu jan ciki kuwa, Jagora ya ce a yi musu addu'a kawai. An raba gidaje da yawa a kan wannan. Akwai gadar da ta daina cin abinci tare da uwarta don tsohuwar tana ci ƙafa huɗu a ƙasa.

Wata biyu bayan zaɓe aka wayi gari an kewaye Tafkin Gawo da shingen ƙaya, an bar ƙofa ɗaya, balbela biyu suna gadi. Sarkin Ruwa ya ce gyara ake yi. Ruwan da ke kwance a ramuka da kogon itace ya riƙe Unguwar Gajeru zuwa ƙarshen kaka. Daga nan suka koma lasar raɓa. Da bazara ta matso, raɓar ma ta fara zuwa a makare.

Tasalla ta dami majalisa har aka gaji aka ba ta kwamitin bincike, bisa tsohuwar fahimtar cewa wanda aka ba kwamiti yakan yi shiru. Ba ta yi ba. Ta yi mako uku tana lafewa cikin ciyawa a bakin shinge, inda duk mai wucewa yake ɗaukarta dunƙulen ƙaya. Ranar Talatar da ta zo da rahoto, shugaban majalisa, tsohon ɓauna Makau, ya ba ta izini yana hamma.

"Ranka ya daɗe, 'yan'uwa," in ji ta, "ba zan ja ku da nisa ba, bakina ya bushe. Babu gyaran da ake yi a Tafkin Gawo. Sarkin Ruwa ya ba wa Jagora Tunau tafkin, Jagora ya ba shi tsuntsayen zaɓe. Na ga Sarkin Ruwa sau huɗu a cikin shingen, a sahun gaba, ƙafarsa ta dama a sama, idonsa a rufe. Na ga wasu shida daga cikinmu ma, sunayensu suna cikin rahoto. Ni ban zo in hana kowa tsayuwar da yake so ba. Wanda ya ga dama ya tsaya da ka. Abin da nake nema biyu ne: a sauke Barmo, a cire shingen. Jiya mun binne kwaɗi tara. Ba mu sha wuyar haƙa ba, sun riga sun ƙanƙance."

Sai Barmo ya miƙe, ya gyara murya.

"Ranka ya daɗe, ni an zalunce ni. Ban san wannan tsuntsu ba. Mun taɓa gaisawa a wajen suna, kamar yadda kowa yake gaisawa da kowa. Maganar ƙafa kuwa, ƙaya ce ta soke ni. Duk wanda ya san shingen nan ya san ƙaya ce zalla."

"Sau huɗu, Sarkin Ruwa?" in ji Tasalla.

"Shingen da tsawo, Inna."

"Idon fa da ka rufe?"

"Zafi. Ke ba ki san zafin ƙaya ba, ke kike soka wa mutane."

Aka yi dariya, irin wadda ake yi don a huta. Sauran shidan suka bi layi. Barewa ta ce tana sosa kunne ne. Biri ya ce shi a fahimtarsa hannu ya ɗaga, ba ƙafa ba, kuma yana neman majalisa ta fayyace masa matsayin gaɓoɓinsa. Karen dawa ya ce abin da ya sa ya ɗaga ƙafa a jikin shingen ba abin faɗa ba ne a gaban mata.

Wanda bai ce komai ba shi ne Jatau, dila, wakilin Unguwar Tudu. Sunansa ba ya cikin rahoton. Ba a taɓa ganin Jatau a wurin da bai kamata ba, ana dai ganin sawunsa. Ya tashi a hankali, ya rusuna wa Tasalla.

"Ranka ya daɗe, ni kunya ce ta hana ni magana. Yaya Tasalla ta yi abin da mu maza muka kasa. Amma da izininta, rahotonta ya yi sassauci. Yau mu sauke Barmo, gobe wani ya zo, shi ma ya ce ƙaya. Har yaushe? Wannan ƙungiya ta shigo mana gida, ta raba uwa da 'ya, yanzu tana neman raba mu da ruwa. Ina ba da shawara, kafin mu taɓa maganar mutum ɗaya, mu tsarkake majalisar gaba ɗaya. Daga yau, duk ɗan majalisar da aka gani ya ɗaga ƙafa ya riƙe ta a sama a bainar jama'a, a ɗauke shi ɗan ƙungiya, ya bar kujerarsa nan take. Ba uzurin ƙaya, ba uzurin ƙaiƙayi. Wanda ba shi da abin ɓoyewa ba zai ji tsoron wannan doka ba."

Wannan jimla ta ƙarshe ita ta yi aikin. Kowa ya dubi na kusa da shi. Wa zai yarda a ce shi ne ya ƙi? Makau ya karanta ƙudirin, ƙafafu goma sha takwas suka tashi sama, na shidan nan sun fi na kowa tsawo. Barmo ya ɗaga tasa har yana tangaɗi. Tasalla ma ta ɗaga, zuciyarta fari, tana cewa a ranta ashe ta yi wa Jatau mummunan zato shekara da shekaru. Aka rubuta cewa Mesa ba ta amince ba.

"Doka ta fara aiki," in ji Makau, bayan ƙafar ƙarshe ta sauka. "Sai ƙudiri na biyu. Masu goyon bayan a sauke Sarkin Ruwa a cire shinge, su nuna."

Kurege ya fara ɗaga ƙafa, ya kai rabi, ya ga Jatau yana kallonsa da fara'a. Ya mayar da ita a hankali kamar mai taka ƙwai. Zomo ya zauna a kan nasa duka biyu don gudun kuskure.

Tasalla ta dubi ƙafafun da ke kewaye da ita, duk a ƙasa, a jere. Sai a lokacin ta gane.

"Ranka ya daɗe, ai ƙuri'a daban, tsayuwarsu daban."

"Dokar ba ta bambanta ba, Yaya," in ji Jatau cikin ladabi. "Ke ma kin ji an ce ba uzuri. Na ga ƙafarki a sama lokacin, har na ji daɗi."

"To mu jefa da murya. Ko da wutsiya."

Mesa ta ɗago kai a karo na farko cikin shekaru. "Wutsiya! Ranka ya daɗe, na goyi baya."

Makau ya yi tunani mai tsawo, irin na ɓauna. "Sauya hanyar ƙuri'a ƙudiri ne," in ji shi. "Masu goyon baya su ɗaga ƙafa."

Ba wanda ya motsa. Mesa ta mayar da kanta ƙasa.

"Mu koma kan na biyu. Ina sake tambaya, kuma daga ita sai tashi. Masu goyon bayan a cire shinge?"

Tasalla ta san lissafin. Ƙuri'a ɗaya ba ta cire shinge. In ta bar ƙafarta a ƙasa, kujerarta tana nan, za ta dawo Talata mai zuwa ta ci gaba da magana. Amma za a rubuta cewa an tambayi majalisa ko a buɗe wa Unguwar Gajeru ruwa, wakiliyar Unguwar Gajeru ba ta amince ba. Da wannan za ta koma gida ta tarar da masu jiran ta a bakin hanya.

Ta ɗaga.

Ƙafar bushiya ba ta kai tsawon ɗan yatsan biri ba. Shekaru da dama Makau yana cewa ba ya hango ta, sai an matsa masa. Ranar ya gan ta tun daga inda yake zaune.

"Tasalla," in ji shi, muryarsa da ɗan tausayi, "ko dai ƙayarki ce ta soke ki? Faɗi haka, mu san yadda za mu yi."

"Ƙuri'a ce, ranka ya daɗe. A ƙirga."

Aka ƙirga. Ɗaya. Ƙudiri ya faɗi. Sannan, bisa sabuwar doka, aka bayyana cewa bincike ya gano 'yar ƙungiya guda a cikin majalisa, an kuma kore ta. Barmo ya nemi izini ya yi jawabi, ya ce shi ya yafe mata, domin yanzu kowa ya ga dalilin da ya sa ta san abin da ke cikin shingen dalla-dalla. Karen dawa ya raka ta har bakin hanya, yana tafiya a takure, don tun safe yake jin fitsari kuma yanzu ba shi da damar ɗaga ƙafa.

Washegari da hantsi Unguwar Gajeru ta taso gaba ɗaya zuwa ƙofar shingen, ba don zanga-zanga ba, ƙarfin wannan ya ƙare. Jagora Tunau da kansa ya fito, dogo, mai sanƙo, jakar wuyansa tana lilo, muryarsa kamar ta mai lallashin jariri.

"'Ya'yana, wa ya ce muku an hana ku ruwa? Mu ba ma hana kowa. Ƙofa a buɗe take. Abin da muke roƙo kawai, mai shiga ya nuna ya san ƙasa ba abin riƙewa ba ce. Ƙafa ɗaya. Ko na ɗan lokaci."

Wani tsohon kunkuru, wanda ya yi shekara tamanin ƙafafunsa huɗu a ƙasa, ya dubi ruwan yana ƙyalli ta tsakanin ƙaya. Ya ɗaga. Balbela ta rubuta sunansa da mazaɓarsa, ya wuce. Kwaɗi suka bi, sannan bushiyoyi, uwaye suna ɗaga wa jarirai ƙafa.

Tasalla ce ta rage. Jagora ya sunkuyo da dogon bakinsa har kusa da ita.

"Ke ba sai kin ɗaga ba, 'yata. Majalisa ta riga ta yi miki shaida, mu kuma ba ma jayayya da hukuma. Shiga."

Ta daɗe tsaye a ƙofar. Daga ciki tana jin ƙarar makogwaron jikokinta suna haɗiyar ruwa. Sannan ta shiga, ƙafa huɗu a ƙasa, ta sha.

A zaɓen da ya biyo baya Barmo bai buƙaci tsuntsaye daga nesa ba, Unguwar Gajeru, da sunayenta duk suke hannun Jagora yanzu, ta wadatar. Majalisa kuma tana nan a gindin tsamiya kowace Talata, mutuncinta ya dawo. Baƙi in sun zo akan nuna musu ita da alfahari, a ce tun daga waccan rana ba a sake samun ɗan majalisa ko ɗaya da ya ɗaga ƙafa ba, a kan kowace irin magana.