Yadda Za Ka Saba da 'Yar da Ka Ɗauko Daga Abidjan

Ni Zuberu, mai gyaran fanka a Maamobi, na yi maka alkawari: bi matakan nan, cikin mako guda yarinyar za ta sake da kai. Ni gwani ne, don na yi sau ɗaya. Shekara goma sha biyu muna zaune da matata Awabu ba haihuwa, sai aka kammala mana takardun Shifa, marainiya 'yar shekara huɗu, jikar ƙanwar kakar Awabu.

1. Yi wa ɗakinta fenti.
Amma ba ana gobe za ta iso ba. Ni haka na yi. Ta shigo da farar riga, ta jingina da bango, ta fito shuɗiya. Masana sun ce yaro ba ya manta launin farko da ya gani a gidanku. Masanan ni ne.

2. Koyi harshenta.
Shifa Faransanci da Julanci take ji. Na garzaya wajen Sumaila mahauci, wanda ya taɓa zama a Lome, ya koya mini jimla biyu. Na durƙusa gabanta na zuba su da murmushi. Ta kalle ni, ta shige ƙarƙashin tebur. Daga baya na gano abin da na ce mata: "Barka da zuwa Madam, da ƙashi ko ba ƙashi?"

3. Kori 'yan kallo.
Duk layinku zai zo. Hajiya Zuwera maƙwabciyarmu ta leƙa ƙarƙashin teburin ta ce, "Ei, Zuberu, hancinka ne sak!" Kada ka yi gardama. Ka ce amin, ka raka ta ƙofa.

4. Kada ka yi fushi da abinci.
Awabu ce mai wake da shinkafar da ake yi wa layi tun daga bakin titi. Shifa ta shinshina ta ture kwanon. Na tarar da Awabu a bayan tukunya tana share ido da gefen zane.

"Maigida, ko dai ba ta son mu ne?"

"Hayaƙi ne ya shiga idonki," na ce mata, alhali a kan gas take girki.

Na tafi har kasuwar Makola neman aceke, garin rogon da ake ci a can garinsu. Ta ci loma biyu. Kwana uku ba mu ji muryarta ba, tana ƙanƙame da tsohon ɗankwalin uwarta. A nan dabarata ta ƙare, kuma na tsorata.

5. Daina ƙoƙari.
Rana ta huɗu da hantsi na zauna a tsakar gida ina gwada wata fanka da na gyara. Sai ga ta ta rarrafo, ta kai baki kusa da ragar ta ce, "Aaaaa." Muryar ta fito tana rawa. Na sa nawa bakin na ce, "Aaaaa." Ta fashe da dariya har ta faɗi zaune. Awabu ta fito da gudu da ludayi a hannu, ita ma ta durƙusa. Mu uku muka yi ta yi wa fanka ihu har mai ita ya zo karɓa. Na ce masa ba ta gyaru ba.

6. Shiga trotro da ita.
Ranar Juma'a muka hau motar hayar za mu Adabraka. Kafin mu wuce unguwar Nima ta ɗora kai a kafaɗata ta yi barci, hannunta cikin aljihun rigata. Muka wuce inda za mu sauka. Kwandasta ya ce, "Alhaji, ƙarshen hanya ke nan fa." Na ce, "Yi magana a hankali. Juya da mu."

Gargaɗi: Idan kafaɗarka ta sage, ko ka tsinci kanka kana hawaye a gaban fasinja goma sha huɗu da kwandon kifi, babu ruwan Zuberu. Kada ka zo shagona da ƙorafi. Ba ma za ka same ni ba, na tafi ɗauko 'yata daga makaranta.