Ranar da na gaishe da masana

Kwana uku manhajar kwamfuta da nake rubutawa ta ƙi aiki, sai na kai kukana dandalin masana a intanet. Ni ɗan Ƙofar Sauri ne, ba na shiga wuri babu sallama. Na tambayi lafiyarsu, da iyali, da gajiya, na zuba musu addu'a, na aika.

Amsa na shigowa na ƙwala wa Malam Bishir, abokin aikina, kira: "Taho ka ga ranar ladabi, har sun amsa!"

Ya karanta da ƙarfi: "Lafiya lau muke. Ina tambayar?"

Ashe ban rubuta ta ba!

Har yau in na gaishe shi sai ya ce, "Lafiya lau, ranka shi daɗe. Ina tambayar?"